Cutar Ƙarancin Jini Mai Yaɗuwa a Dawaki: Yaya Ake Tsayar da Ita Idan Ta Ɓarke?

Ɗan Ƙwallon Dawaki:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitocinmu da iyayenmu masu barga a kan cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa, wadda ƙasashe da yawa ba sa barin doki ya tsallake iyakarsu sai da takardar gwajinta. An bayyana mini cewa dokin da aka samu da ita, ko da yana cin harawarsa yana sukuwa lafiya lau, hukuncinsa a yawancin ƙasashen Turai kisa ne, a Amurka kuma kisa ko killacewa har ƙarshen ransa. Me ya sa dokar ta yi tsauri haka, kuma da wane tsari ake bi idan cutar ta ɓulla a cikin barga?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsaurin dokar ya samo asali ne daga halin ƙwayar cutar kanta. Ƙwaya ce ta bairos, daga dangin da ƙwayar cutar ƙanjamau ta fito, amma dawaki da jakuna da alfadarai da danginsu kawai take kamawa, ba ta kama mutum, kuma ta jini take yaɗuwa, ta cizon ƙuda ko allura. An fara bayyana cutar a Faransa a shekarar 1843, kuma a 1904 masana biyu na ƙasar suka tabbatar da cewa abin da ke haddasa ta ya fi ƙwayoyin bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tun daga wancan lokaci har yau ba a samu maganin da ke fitar da ita daga jikin doki ba, domin tana shigar da kanta cikin ƙwayoyin halittar dabbar ta zauna daram. Dokin da ya kamu ya kamu ke nan har mutuwarsa.

Alamominta suna zuwa ne hawa hawa. A karon farko doki yakan yi zazzaɓi mai zafi, wani lokaci ya haura digiri 40, ya yi sanyin jiki, ƙwayoyin da ke daskarar da jini su ragu ƙwarai, har a ga ɗigon jini ƙanana a ƙarƙashin harshe da cikin fatar ido. Wasu kan mutu a wannan mataki. Waɗanda suka tsira sukan riƙa samun dawowar zazzaɓin bayan makonni ko watanni, saboda ƙwayar tana sauya kamanninta duk lokacin da garkuwar jiki ta kusa cin ƙarfinta, kuma a nan ne ake ganin rama da kumburin ƙafafu da na ƙasan ciki da ɗashewar dasashi. Galibi bayan kamar shekara guda zazzaɓin yakan lafa, dokin ya murmure a ido, amma jininsa yana ɗauke da ƙwayar. Akwai kuma masu yawa da ba su taɓa nuna wata alama ba tun farko, kuma su ne suka fi wahalar da masu yaƙi da cutar.

Baban Barga:
Likita, Allah ya yi albarka. Duk abin da ka lissafa, zazzaɓi da rama da kumburin ƙafa da fari a dasashi, mun saba ganinsa a dawakinmu tun muna yara, musamman a ƙarshen damina, kuma idan aka yi wa doki allura yakan tashi. To ta yaya mai doki zai bambance wannan da waccan?

Likitan Dabbobi:
Baba, ranka ya daɗe, da ido ba a bambancewa, ko likita ne kuwa. Abin da kuka fi gani a nan shi ne cutar jini da kaska ke kawowa, wadda take ko'ina a yankinmu kuma tana da magani, sai kuma irin sammoren da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa tsakanin raƙuma da dawaki. Dukansu suna kawo zazzaɓi da ƙarancin jini da kumburi. Abin da ya kamata ya tayar wa mai barga hankali shi ne dokin da aka yi wa maganin waɗannan yadda ya kamata, ya samu sauƙi, sannan zazzaɓin ya sake dawowa sau biyu ko uku ba tare da wani dalili ba. Irin wannan doki jininsa ake ɗiba a kai ɗakin gwaji, ba a ci gaba da sauya masa allura.

Hajiya Likita:
Bari in ɗora a kan maganar gwaji, tunda nan ne aikina. Gwajin da duniya ta dogara da shi ana kiransa da sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro shi a 1970, Leroy Coggins. Ba ƙwayar cutar yake nema kai tsaye ba, yana neman garkuwar da jiki ya samar a kanta ne, kuma tunda dokin da ya kamu ba ya rabuwa da ƙwayar, samun garkuwar daidai yake da samun cutar. Sakamakonsa yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai gwajin Elisa da ya fi shi sauri, amma yakan nuna cuta a inda babu, shi ya sa duk dokin da ya nuna alama a Elisa ake sake tabbatarwa da na Coggins kafin a yanke hukunci.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne tazarar da ke tsakanin kamuwa da bayyanar garkuwa. Doki zai iya kamuwa yau, a gwada shi bayan mako guda a ga babu komai, domin jiki yakan ɗauki makonni, har zuwa kwana 45 a mafi yawan lokuta, kafin garkuwar ta bayyana. Saboda haka gwaji ɗaya ba ya wanke bargar da cutar ta shiga. A Amurka dawakin da suka yi cuɗanya da mai cutar ana riƙe su a sake gwada su bayan kwana 60, kuma idan wani sabo ya fito, lissafin kwanakin yana komawa farko.

Ɗan Ƙwallon Dawaki:
Na gode, Hajiya. Ko akwai ƙasar da cutar ta ɓarke mata kuma ta ga bayanta, domin mu ga yadda tsarin yake a aikace?

Likitan Dabbobi:
Misalin da ya fi dacewa shi ne na ƙasar Ayilan a 2006, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin ƙasa ce da kiwon dawakin tsere yake cikin manyan hanyoyin arzikinta. An tabbatar da cutar a watan Yuni, kuma zuwa watan Disamba an samu dawaki 38 da suka kamu. Binciken hukuma ya danganta shigowarta da ruwan jinin doki da aka shigo da shi daga Italiya ba tare da izini ba, aka ɗura wa 'yan dukushi da nufin ƙara musu ƙarfin garkuwa. Wato hannun mutum ne ya kawo ta, da kyakkyawar niyya kuwa. Daga nan ta bi kayan aikin jinya daga wannan doki zuwa wancan, sannan aka kwantar da wata goɗiya mai zubar jini a asibitin dawaki kafin a gane abin da ke damunta, wasu dawakin da ke kwance a sashen suka kamu, aka sallame su suka koma gidajensu da ita. Kaɗan ne daga cikin 38 ɗin aka danganta kamuwarsu da cizon ƙuda.

Abin da suka yi kuwa a bayyane yake. Duk dokin da aka tabbatar yana da cutar an kashe shi. An bi sawun kowane doki da ya haɗa barga ko asibiti ko likita da mai cutar, aka hana shi motsi, kuma adadin waɗanda aka riƙe ya haura 1,000. An riƙa ɗibar jininsu a kai a kai har tsawon kwana 90 kafin a sake su, sannan aka faɗaɗa gwaji zuwa dawakin da za a kai wuraren gwanjo da na barbara. Abin da ya sa bin sawun ya yiwu shi ne rubutu, domin kowane doki yana da takardar shaida, kowane asibiti yana da littafin shiga da fita, ana iya sanin wane doki ne ya kwana kusa da wane a wane dare. A ra'ayina wannan rubutun ya yi aikin da ya kai na kisan, ko ma ya fi.

Ingila ma ta ga irin wannan a watan Janairun 2010, lokacin da gwajin bayan shigowa ya kama dawaki biyu da suka fito daga Romaniya ta hanyar Beljiyam. A shekarar ce Tarayyar Turai ta ƙara tsaurara sharuɗɗan fitar da dawaki daga Romaniya, inda cutar ta zauna da gindinta.

Baban Barga:
Likita, na ji bayaninka, amma zuciyata ba ta kwanta da maganar kisa ba, kuma na san duk mai doki zai faɗi haka. Ingarman da mutum ya raina tun yana dukushi, ya san muryarsa, yana haniniya idan ya ji takunsa, ya hau shi a Hawan Daushe shekara da shekaru, a zo a ce masa takarda ta nuna yana da cuta, alhali yana tsaye a turkensa gashinsa yana sheƙi, a ce a kashe shi? Idan har ba ya ciwo, kuma ba ya sa wa mutane ciwo, ina ganin akwai zalunci a ciki. Ku faɗa mini gaskiya, wane irin haɗari ne dokin da ba ya zazzaɓi yake da shi ga maƙwabcinsa?

Hajiya Likita:
Baba, tambayarka tana kan hanya, kuma masana ma sun yi ta muhawara a kanta. Gaskiyar magana ita ce dokin da cutar ta lafa masa ƙwayoyin da ke jininsa kaɗan ne ƙwarai, har ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa a cikin bobuwa, wato ƙudaje masu cizo, miliyan 6 da za su cije shi, ɗaya ce ake sa ran za ta ɗauki cutar ta kai wa wani. Dokin da ke cikin zazzaɓi kuwa, cizo ɗaya ya isa. Matsalar ita ce babu wanda ya san ranar da lafawar za ta ƙare. Doguwar tafiya a mota, ko wahalar aiki, ko wata cuta ta daban, ko allurar deksametason da ake yawan yi wa dawaki domin kumburi, duk suna iya raunana garkuwa ƙwayar ta sake yawaita, kuma kafin mai doki ya lura ƙudaje sun riga sun yi aikinsu.

Duk da haka dokar Amurka ta bar ƙofar killacewa. Ana yi wa dokin tambari na dindindin a jiki, a ajiye shi a tazarar da ba ta gaza yadi 200 ba daga kowane doki ko jaki, har mutuwarsa. Dalilin tazarar shi ne halin bobuwa. Ƙwayar ba ta hayayyafa a jikinta, jini ne kawai ke maƙale a bakinta, kuma cikin 'yan sa'o'i ƙwayar take mutuwa. Cizon bobuwa yana da zafi, doki yakan kore ta da wutsiya kafin ta ƙoshi, sai ta nemi ƙarasa shanta a jikin wanda ya fi kusa, kuma idan babu wani doki a kusa, kan na farkon take komawa.

Dillalin Dawaki:
Yadi 200 a cikin birnin Kano ko Katsina ko Zariya? Ku gafarce ni, likitoci, amma a unguwannin da ake ajiye dawakin hawa, tsakanin turken wannan gida da na wancan katanga ce kawai, ga kuma jakunan masu yashi da masu itace suna wucewa kullum. Sannan ku dubi kasuwa. Doki yakan taso daga Chadi ko Nijar ya sauka a Maigatari ko Mai'aduwa, ya canza hannu sau uku kafin ya isa ga mai hawansa, babu takarda ko ɗaya. Idan kuka ce za a kashe duk wanda gwaji ya kama ba tare da an biya mai shi ba, na rantse muku ranar da labari ya bazu babu wanda zai sake kawo dokinsa gwaji, kuma wanda ya yi zargin nasa da daddare zai loda shi a mota ya sayar a wata jiha.

Likitan Dabbobi:
Alhaji Dillali ya taɓo inda gizo ke saƙar, kuma ban ga abin musu a maganarsa ba. Dokar kisa da babu diyya a bayanta tana kore cuta ne zuwa ɓoye. Shi ya sa ƙasashen da cutar ta yi yawa a wasu yankunansu suka bi wata hanyar. A yankin Fantanal na Birazil, wanda ƙasa ce mai faɗin gaske da ruwa ke mamayewa kowace shekara, kuma makiyaya ba sa iya kiwon shanu sai a kan doki, yawan masu cutar ya kai matsayin da kashe su zai tsayar da kiwon baki ɗaya. Sai aka tsara a gwada dawakin gona duka, a raba garke biyu da tazara, kowane garke da sirdinsa da linzaminsa da kaiminsa, a ci gaba da aiki da masu cutar a ɓangarensu har su ƙare da kansu. 'Yan dukushin da goɗiyoyi masu cutar suka haifa da yawansu sukan fito lafiya, sai a yaye su da wuri a ware su, a jira garkuwar da suka sha a nonon farko ta gushe, wajen wata shida, kafin gwajinsu ya zama abin dogaro.

Saboda haka amsar ta danganta da yawan cutar a wuri. Inda ta shigo sabuwa kuma masu ita ƙalilan ne, kamar Ayilan, kashe 'yan kaɗan da gaggawa yana ceton dubbai, kuma ni a nan ina goyon bayan kisa tare da diyya. Inda ta daɗe ta yi yawa, rabawa ta fi dacewa da hankali.

Malam Mai Karatu:
Ina so in ce wa Baba, damuwarsa ta tausayi abar yabo ce, kuma addini ya hana azabtar da dabba ko kashe ta don wasa. Amma ware mai cuta daga mai lafiya yana da asali mai ƙarfi, domin hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa kada mai raƙuma marasa lafiya ya kai su wurin masu lafiya. Wanda ya san dokinsa yana ɗauke da wannan cuta, ya shigar da shi cikin ayarin hawa, ko ya sayar da shi ya ɓoye aibinsa, ya cutar da 'yan uwansa a dukiyarsu. Batun kisa kuwa na hukuma ne da likitoci, su auna maslaha, kuma idan ya zama dole a yi shi ta hanyar da dabbar ba za ta wahala ba.

Ɗan Ƙwallon Dawaki:
To ina batun rigakafi? Idan akwai allura ai duk wannan taƙaddama ta ƙare.

Hajiya Likita:
Ƙasar Sin ce kaɗai ta taɓa amfani da rigakafinta a faɗin ƙasa. Cibiyar binciken dabbobi ta Harbin ta raunana ƙwayar ta hanyar renonta a ƙwayoyin jinin jaki, aka yi wa miliyoyin dawaki da jakuna da alfadarai daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa wajen 1990, cutar ta ragu sosai, sannan suka daina suka koma gwaji da killacewa. Dalili shi ne dokin da aka yi wa rigakafin yana nuna garkuwa a gwaji kamar mai cutar, ba a iya rarrabe su. A yau babu rigakafin da za ka saya a kasuwa, kuma duk wanda ya kawo maka kwalba da wannan suna ka guje shi.

Likitan Dabbobi:
Ina so in dawo da mu kan abin da yake hannunmu tun kafin wata hukuma ta motsa, wato allura. Jinin da ke saura a cikin allurar da aka yi amfani da ita ya ninka wanda ke bakin bobuwa sau dubbai, kuma ƙwayar tana daɗewa a ciki fiye da yadda take yi a bakin ƙuda. Ko a Amurka, inda gwaji ya rage cutar ƙwarai tun shekarun 1970, yawancin waɗanda ake kamawa a 'yan shekarun nan dawakin tseren bayan fage ne, waɗanda ake yi wa allurai da ƙarin jini da kayan aiki ɗaya. A nan gida kowa ya san mai yawo barga barga da sirinji ɗaya a aljihu, yana yi wa dawaki goma maganin ƙarfi ana gobe hawa ko sukuwa. Wannan al'ada ita ce ta fi ba ni tsoro, domin cutar kaska ma tana bin allura, ba sai an jira wannan ta zo ba.

Ƙa'idar ita ce kowane doki da sabuwar allurarsa da sabon sirinjinsa, kuma allurar da ta taɓa jikin doki ba ta komawa cikin kwalbar magani, domin da zarar ta koma kwalbar duka ta gurɓata. Tiyon ƙarin ruwa sau ɗaya ake amfani da shi. Abin goge haƙori, da tiyon da ake zurawa ta hanci, da aska, da linzamin da ya fasa baki, da kaimin da ya taɓa jini, a wanke su da sabulu har jinin ya fita tukuna, sannan a tafasa ko a jiƙa a ruwan bilic. Kada a ɗura wa doki jini ko ruwan jinin wani dokin da ba a gwada ba. Sabon doki kuma, daga Ajantina ya zo ko daga Maigatari, a ba shi turke nesa da sauran na tsawon kwana 45 zuwa 60, ana duba zafin jikinsa safe da yamma ana rubutawa.

Baban Barga:
Wannan kam zan iya, kuma zan tara yaran barga in gaya musu da bakina. Maganar kisa har yanzu ina nan a kan ra'ayina, idan abin ya zo kaina gona zan kai shi bayan gari in killace shi in ci gaba da ciyar da shi. Amma idan yau na ga doki da irin zazzaɓin nan mai dawowa, wa zan fara kira, kuma me zan yi kafin ya iso?

Hajiya Likita:
Baba, ka fara da likitan dabbobi na gwamnati da ke ƙaramar hukumarka ko ofishin daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha, domin cuta ce da ke cikin jerin waɗanda ƙasashe ke sanar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, kuma su ne za su tsara aika jinin zuwa Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ko wani ɗakin gwaji da aka amince da shi. Kafin su iso, ka matsar da dokin can nesa, a ɗaki mai raga idan akwai, a fesa masa maganin ƙuda, a ware masa bokitinsa da ragamarsa da mai kula da shi. Kada doki ko ɗaya ya fita daga gidan, kada wani ya shigo, ko da an matsa maka da aron doki don biki. Ka zauna ka rubuta duk inda dokin ya je a cikin wata uku da suka wuce, da dawakin da aka ɗaure kusa da shi, da wanda ya yi masa allura da sauran gidajen da mutumin yake zuwa. Idan za a ɗebi jini kuma a haɗa da jakuna da alfadaran gidan da na maƙwabta, domin jaki yakan ɗauki ƙwayar ba tare da ya nuna wata alama ba, kuma garkuwarsa takan yi jinkirin bayyana fiye da ta doki, don haka shi ma sai an maimaita masa gwajin.